Fentin Jarkar Mota a Ƙasar Gumel

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, hanyar da ta taso daga Gumel zuwa bakin iyakar Nijar takan cika da manyan motoci: tireloli masu jiran lodin shanu zuwa Kudu, da kantoci masu kwaso riɗi da zoɓo daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, da tsofaffin motoci masu bodin katako da har yau ba su ajiye aiki ba. Ido yakan fara sauka ne a ƙyauren baya, inda masu fenti ke baje basira: zaki, mikiya, ɗawisu, bishiyar dabino, masallaci mai hasumiya biyu. Sai mutum ya ɗan sunkuya, ya duba tsakanin tanki da tayar baya, sannan zai ga jarkar ko-ta-kwana zaune cikin 'yar ragar ƙarfe da mai walda ya haɗa mata, wani lokaci har da kwaɗo. Ita ma akan yi mata nata fentin, kuma a ganina a jikinta ne aka fi gane cewa zanen mota aiki ne tun kafin ya zama ado.

Buƙatar jarka a wannan yanki ba sabuwa ba ce, amma siyasar iyaka ta ƙara mata daraja. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disambar 2020. Aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Nijar, ƙofa ta sake rufewa har Maris na 2024. Direban da ya rayu cikin waɗannan shekaru ya san kuɗi a aljihu ba sa tada inji a tsakiyar daji. Ko dai ya taho da guzurin mansa, ko ya faɗa hannun 'yan bumburutu.

Jarkar ƙarfe mai lita 20 ƙirar Jamus ce ta shekarun 1930, an yi ta ne don sojoji. Turawan Ingila sun ga amfaninta a yaƙin hamadar Arewacin Afirka, suka kwaikwaye ta. Hannu uku gare ta a sama, don mutum ɗaya ya ɗauka ta tsakiya, ko biyu su kama gefe da gefe. Kwarmin nan mai kama da gicciye da ke jikinta yana ƙara wa ƙarfen ƙarfi, yana kuma ba shi damar ɗan buɗawa idan mai ya ɗumama. Tun wancan zamani sojojin Jamus kan shafa wa ta ruwa farin gicciye don kada a haɗa ta da ta mai. Ashe ke nan da fenti da jarka tare suka taso.

Dalilin bai canza ba. Mota ɗaya takan ɗauki gas na inji, da ruwan lagireto da na alwala, wani lokaci da fetur na ɗan janareto. Cikin duhu, yaron mota na gyangyaɗi, maigida ya ce, "Kai, miƙo ta gas," babu mai lokacin buɗe murfi ya sunsuna. Fetur a injin gas yana lalata famfo da nozul. Fetur a jarkar kalanzir kuwa, idan ta isa risho, rai ake magana. Jihar nan, da ta ga abin da ya faru a garin Majiya a Oktoban 2024, inda gobarar tankar mai ta ci rayuka sama da 150, ba ta buƙatar a yi mata wa'azi kan haɗarin fetur. A Amurka al'ada ce ja na fetur, rawaya na gas, shuɗi na kalanzir. A nan kowane direba da tsarinsa, abin da ya fi muhimmanci shi ne yaransa su sani, kuma launin ya fito ko da hasken tocila.

Sai kuma shaidar mallaka. A tasha jarka takan yi ƙafa. Shi ya sa mafi yawan jarkokin da za ka gani ba su da wani zane, illa lambar mota, ko harufan sunan mai ita, ko sunan gari. Makiyayin da ya kawo raƙumi Maigatari daga ƙasar Damagaram da tambarin wuta a wuyansa zai gane hikimar nan take.

Daga nan ne ado ke shigowa, kuma a nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. Ƙyauren baya fili ne shimfiɗaɗɗe, ko wanda hannunsa bai nuna ba zai iya ɗora zaki a kai. Jarka kuwa ƙarama ce, ga kwarmi ya raba cikinta gida huɗu. Wanda bai iya ba sai ya nemi ya yi kamar kwarmin ba ya nan, ya zana tsuntsu a kai, fiffike ya karye a rami. Gwani yakan bi ƙirar ƙarfen: ya ja layin kwarmi da launi ɗaya, ya cike gidajen huɗu da kore da ja, ya zagaye baki da siririn zare na fari. Abin da ke fitowa yana da dangantaka ta kusa da zanen ƙwarya, da aikin dukawa, da zayyanar allo, inda ake raba fili gida-gida a cike kowanne da launinsa. Ni dai wannan salon ya fi burge ni a kan zakin ƙyaure, don zakin hoto ne da za ka gani a motar Legas ko ta Onica, amma rabon filin nan hannun Bahaushe ne. Gwani kuma yakan sa launin jarka ya amsa na bodi, yadda ko an sauke ta an ajiye can gefe za a ce ta motar wane ce.

Akwai abin da mai hankali ba ya rubutawa a jikinta. Goshin mota, can sama, shi ne wurin ambaton Allah da addu'ar sauka lafiya. Jarka kuwa ana dire ta a ƙasa, ana zama a kanta, ana taka ta a hau bodi, mai na zuba a jikinta. Sunan Allah bai dace da irin wannan wuri ba, kuma barin da ake yi yana cikin ladabin sana'ar.

Ta fuskar aiki, sai an kankare tsatsa, an wanke maiƙo, an shafa jan fentin ƙasa, sannan fentin mai zai kama. Wuta kuwa ba ta kusantar jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, don tururin da ya saura a ciki ya fi man kansa saurin tashi. Ina kuma da ja da masu son baƙin fenti. A zafin bazara na Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, baƙi yana shan rana. Lita 20 ta fetur, idan zafinta ya ƙaru da maki 20, takan kumbura da fiye da sulusin lita. Launi mai haske ya fi dacewa da ƙasar nan, kuma ba a cika jarka har baki.

Abin da ke kashe wannan sana'a a yanzu shi ne rawayar jarkar roba mai lita 25, wadda asalinta ta man girki ce. Ta fi arha, ba ta tsatsa, ga ta ko'ina, daga kurar mai ruwa zuwa teburin ɗan bumburutu. Sai dai ba don fetur aka yi ta ba, kuma fenti ba ya zama a jikinta, yana ɓarewa cikin ɗan lokaci. Shaidarta ba ta wuce a ɗaura tsumma a hannu, ko a ƙona ƙusa a karta harafi. Shi ma ƙyauren mota, sitika ta inji tana cin kasuwar buroshi. A Pakistan masu zanen manyan motoci sun kai aikinsu kan butoci da fitilu da kwanuka, har ana saye don ado a ƙasashen waje. Masu fentinmu na da hannun da zai yi haka, kuma kasuwar da ke tara mutanen ƙasa biyu duk mako kamar Maigatari ba za ta rasa mai sayen jarkar ƙarfe mai kyan zane ba, idan akwai mai kasa ta.