Albarkar Guru da zaman lafiyar Malerkotla

A jihar Punjab ta Indiya Musulmi ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'a ba. Amma a kan hanyar Ludhiana zuwa Sangrur akwai wani gari, Malerkotla, inda su ne kusan biyu cikin kowane mutum uku. Ƙidayar 2011 ta ba shi mutum 135,000 da 'yan kai. Garin kasuwa ne, ya yi suna da kayan lambu, waɗanda galibi Musulmi 'yan ƙabilar Kamboj ke nomawa, ana lodinsu zuwa manyan birane. Masu bin finafinan Indiya ma suna da rabo a garin, don Irshad Kamil, marubucin waƙoƙin fim, nan aka haife shi.

Abin da ya fito da sunan garin shi ne shekarar 1947. Da Turawan Ingila suka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, Punjab ta zama mahauta. Dubban ɗaruruwa suka halaka, Musulmin gabashin yankin kuma suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka suka nufi Pakistan. Malerkotla ta tsira daga wannan kisan kiyashi, yawancin Musulminta suka zauna a gidajensu. In ka tambayi mutanen garin dalili, Musulmi ko Sikh ko Hindu, amsar da za ka fi ji ita ce albarkar Guru.

Ga labarin. Wajen shekarar 1705 gwamnan daular Mughal a Sirhind, Wazir Khan, ya kama ƙananan 'ya'yan Guru Gobind Singh, shugaban Sikh na goma. Zorawar Singh da Fateh Singh, babbansu bai wuce shekara tara ba. Aka yanke cewa a gina katanga a kansu da ransu. Sarkin Malerkotla, Nawab Sher Muhammad Khan, yana cikin fadar, ya miƙe ya ce bai yarda ba, Musulunci bai halatta kashe yara ba. Ba a saurare shi ba, aka kashe su. Da labari ya kai ga Guru, sai ya sa wa sarkin da garinsa albarka. Har yau akwai wurin ibadar Sikh a garin mai suna Haa Da Naara, don tunawa da wannan magana ta sarki.

Labari ne mai daɗin ji, kuma akwai tarihi a cikinsa. Sai dai wanda ya karanta sauran tarihin zai ga an yi masa tankaɗe. Shi kansa Sher Muhammad Khan ba abokin Guru ba ne, sojan Mughal ne da ya yaƙe shi. A 1762, kusa da ƙauyen Kup, 'yar tazara kaɗan daga garin, rundunar sarkin Afghanistan Ahmad Shah Abdali ta kashe dubban Sikh, maza da mata da yara, kuma mayaƙan Malerkotla suna gefen Abdali. Albarkar ba ta hana sarkin Sikh Ranjit Singh zuwa ƙofar garin a 1808 ya nemi haraji mai nauyi ba. A watan Janairun 1872 kuma wasu 'yan ɗariƙar Namdhari ta Sikh suka kawo hari garin, a lokacin da suke farautar mahautan da ke yanka saniya. Jami'an Turawa suka ɗaure fiye da 60 daga cikinsu a bakin igwa suka harba. A Malerkotla aka yi wannan. Duk wanda ya ce shekara ɗari uku aka yi ana zaman lafiya, bai faɗi gaskiya ba.

Ko 1947 ɗin ma akwai dalilan da ido ke gani. A lokacin Malerkotla masarauta ce mai cin gashin kanta a ƙarƙashin Turawa, da sarkinta Musulmi, Ahmad Ali Khan, da sojojinta. A gundumomin da Turawa ke mulka kai tsaye hukuma ta sukurkuce daidai lokacin da aka fi buƙatarta, nan kuwa akwai mai ba da umarni da masu bindigar da za su bi. Gidan sarautar ma bai gudu ba, kuma talaka ba ya saurin ɗaure kaya matuƙar yana ganin sarki a fada.

To, shin wannan ya rushe labarin albarka? A ganina bai rushe shi ba, ya dai sauya masa matsayi. Mutanen Malerkotla suna da tarihi iri biyu a hannu, na Kup da na Sirhind, suka zaɓi wanda za su riƙa maimaita wa 'ya'yansu. Zaɓin kuwa yana aiki. Matashin Sikh da ya taso yana jin cewa Guru ya sa wa garin nan albarka, hannunsa zai yi nauyi kafin ya ɗaga shi a kan maƙwabcinsa. A 2016 aka tsinci yagaggun shafukan Alƙur'ani a kan titi, hankali ya tashi, aka ƙona motoci, amma abin bai rikiɗe ya zama faɗan addini tsakanin mazauna garin ba. A 2020 Musulmin garin suka tara alkama suka kai ɗakin girkin Haikalin Zinariya na Sikh da ke Amritsar, inda ake ciyar da kowa kyauta. Irin wannan ciyayya ita ke sabunta labarin.

Akwai kuma hubbaren Shaikh Sadruddin, wanda aka fi sani da Haider Shaikh, mutumin asalin Afghanistan da ya kafa Maler, ɓangare ɗaya na garin, a 1454. Ɗaya ɓangaren, Kotla, sai a 1657 Bayazid Khan ya gina ta. Daren Alhamis hubbaren cika yake yi, kuma mafi yawan masu ziyara Hindu ne da Sikh. Suna zuwa da mayafin rufe kabari da kayan zaƙi, suna roƙon haihuwa ko lafiya, jikokin Shaihin na karɓarsu. Wasu almajiran, waɗanda su ma akasari ba Musulmi ba ne, sukan hau jijjiga ana kiɗa, jama'a na yi musu tambayoyi da imanin cewa Shaihin ne ke magana ta bakinsu. Malaman garin da yawa suna kallon wannan a matsayin bidi'a, ba sa taka wurin. Anna Bigelow, wadda ta yi bincike a garin ta fitar da littafi a 2010, ta nuna yadda kowane ɓangare ke fassara hubbaren yadda ya ga dama ba tare da ya tilasta wa ɗan'uwansa ba.

Inda nake da ja shi ne nauyin da labarin ke ɗora wa Musulmin garin. Zamansu a gidan kakanninsu ya zama kamar tukwici ne na kirkin da wani sarki ya yi, kullum sai sun nuna sun cancanta. A 2021, ranar ƙaramar Sallah, babban ministan Punjab na lokacin, Amarinder Singh, ya sanar da ɗaga Malerkotla zuwa gunduma ta 23 a jihar. Kafin a je ko'ina takwaransa na Uttar Pradesh, Yogi Adityanath, ya fito ya soki matakin, ya ce raba kan jama'a ne bisa addini.