Kifin Icce da Kwale-kwalen Yauri

Wani abokina ya dawo daga Abuja da tsaraba: kifin icce, an goge shi sumul, an shafe shi da mai, wai na adon falo. Na juya shi na sake juyawa, ban gane ko wane kifi ba ne. Shi ba giwan ruwa ba, ba tarwaɗa ba, ba kurungu mai ƙaya ba. Da gani, wanda ya sassaƙa shi bai taɓa ciro kifi daga taru ba. Abokin nawa ya ce ai mu mutanen bakin kogin Kwara ba mu da irin wannan fasaha. A nan muka saɓa.

Gaskiya ne masassaƙinmu bai saba yin mutum-mutumi ba. Malamai sun yi hani da sassaƙa surar mai rai, ni kuma ba na kiran kowa ya tsallake wannan iyaka. Amma duk mai cewa ba mu da gwanaye, ya sauka bakin ruwa a Yelwa ko Wara ya dubi tsohon kwale-kwale na gungume guda. Ya dubi yadda bakinsa ya tsuke, cikinsa ya buɗe, bayansa ya sake tsukewa. Siffar kifi ke nan, aka fitar da ita da gatari da gizago, ba zane ba awo. Idan gefe ɗaya ya fi kauri, ruwa ne zai tona asirin mai aikin.

Abin da ke damuna shi ne hannun nan yana ƙarewa. Tun da madatsar Kainji ta cika a 1968, aka tayar da mutum kusan 44,000, ciki har da Gungawa da suka bar tsibiransu, kogi ya zama tafki mai igiyar ruwa. Sai jirgin katako mai inji ya fi amfani. Roba ta kori akushi, injin niƙa ya rage wa turmi aiki. Manyan maɗatai sun yi wuya, madobiya kuma an yi ta lodinta zuwa Sin. Yaro ba zai koyi sana'ar da ba icce ba ciniki ba.

Ban ga laifin jirgin katako ba. Mai iyali abin da zai kai shi kasuwa lafiya yake nema. Laifinmu shi ne sayen adon baƙi alhali gwani yana zaune a unguwarmu. A bikin Rigata na Yauri ana yi wa matuƙa tafi. A ware wa masassaƙa rumfa su ma, su kawo ƙananan kwale-kwale da filafili da akushi, a saya da daraja, a kuma dasa maɗaci a Ngaski da Shanga.

Kifin Abuja dai na ba yara suna wasa da shi. Na aika wa wani dattijo ya sassaƙa mini kwale-kwale kamu ɗaya, shi zan ɗora a falon.