Gamji da Tsamiya: Gyara a Kan Fassarar Sunayen Itatuwa

Akwai wata al'ada da ta yaɗu cikin rubuce-rubucen ɗalibai masu nazarin sunayen Hausa. Da zarar sun ga sunan itace a jikin sunan mutum, sai su ɗauko halin itacen su jingina masa, su ce abin da iyayensa su ka nufa ke nan. Wannan hanya tana da daɗin karatu, amma fa ta haɗa abubuwa uku da Bahaushe ya raba, watau sunan yanka, da sunan gari, da laƙabi.

Sunan yanka, wanda liman ya ke raɗawa ran bakwai, kusan kullum na Musulunci ne. Sunayen da iyaye mata da kakanni su ke ƙarawa kuwa, rana su ke bi, ko yanayi, ko halin haihuwa, kamar Laraba, da Marka, da Tanko. Da wuya itace ya shigo ta wannan ƙofa.

Ta sunan gari ya fi shigowa. Tun da makarantun boko su ka fara liƙa wa yaro sunan garinsu don a rarrabe masu suna ɗaya, itatuwa su ka cika rajista. Abubakar Rimi, Gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, ba don tsawon rimi a ka kira shi haka ba, garinsu ne a ƙasar Sumaila. Haka al'amarin ya ke ga Tsamaye ta ƙasar Gobir, wajen Sabon Birni da Isa. Kowane kunne ya ji tsamiya a cikin sunan. To, da ya ke an daɗe ana cewa tsamiya da kuka matattarar iskoki ne, Gobir kuma ta yi suna wajen bori, sai mai gaggawa ya ɗinke biyun, ya shafa wa duk mai ɗauke da sunan garin abin da bai ji ba bai gani ba. Wannan ba ƙaramin laifi ba ne ga malamin da zai faɗe shi a gaban aji, inda wataƙila ɗan garin yana zaune. Ga matar da ke dama kunu, tsamiya abin tsami ce kawai, ga matafiyi kuwa alamar hanya.

A laƙabi ne ma'ana ta ke zaune da gaske, gama shi a kan zaɓa wa mutum bayan an ga halinsa. Babban misali shi ne Gamji, laƙabin Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har kisansa ran 15 ga Janairu, 1966. Gamji ɗan'uwan ɓaure ne da cediya, mai faɗin ganye, mai kaurin gindi, mai inuwa ƙwarai. Abin lura shi ne itatuwan da ba a zaɓa ba. Giginya ta fi shi tsawo, amma karin magana ta riga ta ɓata ta, da a ka ce inuwarta na nesa ka sha. Gawo, wanda ya cika gonakin Gobir, abokin manomi ne, sai dai yana kaɗe ganye da damina, ya fid da sabo da rani, watau mai saɓa wa jama'a. Wanda a ke so a ce na kusa da shi duk sun sami mafaka, gamji kaɗai ya dace da shi.

Duk da haka ɗalibai su kan tsaya a inuwar, su bar sauran itacen. Sau da yawa gamji a kan wani itace ya ke tsirowa, ya sauko da saiwoyi, ya rungume mai masaukinsa har ya shaƙe shi. Manomin da ya ji maroƙi ya ce Gamji ya san wannan sarai. Yabo ne mai haɗe da kwarjini, kuma wanda ke gefen adawa a zamanin N.P.C. da N.E.P.U. yana iya jin gargaɗi a cikinsa.

Littafin Dalziel na 1916 a kan sunayen tsire-tsire da ƙamus na Bargery na 1934 za su nuna wa ɗalibi wane itace ne. Ta wace ƙofa sunan ya iso ga mutum, wannan sai an tambayi dattawan garinsu.