Kisa a Ƙauye: Tsokaci Kan Farin Jinin Wasu Wasannin Talabijin

Manufar wannan tsokaci ita ce gano abin da ke jan hankalin masu kallo a Ingila da Amurka zuwa ga wasannin talabijin masu raha waɗanda jigonsu binciken kisan kai ne a karkara. Fitattun misalai su ne Murder, She Wrote (CBS, 1984-1996) da Midsomer Murders, wanda ITV ta fara nunawa a 1997.

Da farko, zubinsu na kacici-kacici ne. A ƙauye kowa ya san kowa, saboda haka waɗanda ake zargi ƙidayayyu ne, mai kallo na iya rigan mai bincike gano makashin. Na biyu, ana rage wa mutuwa ɗaci: ba a cika nuna jini ba, kuma sau da yawa mamacin mai baƙin jini ne, ba a daɗewa ana makokinsa. Na uku, asiri kan tonu a ƙarshe, zaman lafiya ya dawo.

Sai dai akwai abin dubawa. Ƙauyen nan ƙagagge ne, an kuma tace mazaunansa. A 2011 an dakatar da mai shirya Midsomer Murders bayan ya nuna cewa shigar da waɗanda ba Turawa ba zai ɓata armashin wasan. Wannan ya nuna cewa wani ɓangare na farin jinin irin wannan wasa begen tsohuwar Ingila ne, kuma wajibi ne manazarci ya tambayi wa aka cire kafin ƙauyen ya yi kyan gani.