Haske da Inuwa a Hoton Birni: Daga Zariya zuwa Rafin Guza

Hoton baƙi-da-fari ba shi da launin da zai jingina da shi. Abin da ya rage masa shi ne haske da inuwa da kuma siffar gini, wato miƙaƙƙen layi da kusurwa da gantsarwa. Saboda haka mai nazarinsa yakan fara ne da tambayar inda rana take a lokacin da aka ɗauka.

Misalin da ya fi dacewa shi ne hotunan Z. R. Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, wanda aka buga littafinsa kan ginin gargajiya na Nijeriya a 1990, bayan rasuwarsa a 1982. A hotunansa na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani a ƙarni na 19, inuwa ce ke fito da bakan gizo da kaurin ginshiƙi. Katangar ƙasa ba ta da kaifin baki, don haka duhu yakan narke cikin haske sannu a hankali. Sai dai idonsa na ma'auni ne, gini ya sa a gaba, ba rayuwar titi ba.

Kaduna dabam take. Gari ne na bulo da siminti da kwano, inuwarsa kuwa kaifi gare ta kamar yankan reza. A Rafin Guza, kusa da Kawo, rufin kwano yakan mayar da hasken tsakar rana har takarda ta yi fari fat, lungu kuma ya yi baƙi ƙirin. Wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana kan tsaya daidai tsakar ka, inuwa ta shige ƙarƙashin gini, hoto ya kwanta. Da hantsi ko la'asar sakaliya ne wayoyin lantarki da bakin lambatu suke tsaga fili gida-gida. Hazon hunturu kuma yakan dushe komai.

A nan ne ake bukatar hattara. Cire launi yakan ƙawata abin da bai ƙawatu ba. Tsatsar kwano da koren ruwan kwata duk toka-toka suke komawa, kuma tabon da ambaliyar Kogin Kaduna kan bari a gindin katanga sai ya zama layi mai ban sha'awa kurum. Mai kallo a ɗakin nuni zai yaba daidaiton layin. Mazaunin unguwar kuwa ya san tsayin da ruwa ya kai a ɗakinsa ne aka ɗauka.