Wakilin Suna da Matsayin Mawaƙi: Nazarin Fayafayen Bob Dylan Guda Biyu

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 2016 aka ba Bob Dylan, mawaƙin Amurka, lambar Nobel ta adabi. Nan take gardama ta kaure tsakanin manazartan Turai da Amurka a kan ko abin da aka rera da jita ya cancanci a kira shi adabi. Mu wannan gardama ba ta dame mu ba, domin tun a 1975 Dandatti Abdulƙadir ya kammala kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana, kuma babu sashen harsunan Nijeriya da yake shakkar matsayin waƙar baka. Abin da ya shafe mu shi ne ma'aunin da za a auna irin wannan mawaƙi da shi, wanda shi ke rubuta waƙarsa, shi ke rera ta, shi ke kaɗa ta, sannan ya tara tara ko goma a faifai guda a matsayin aiki ɗaya. Ƙafarsa ɗaya tana cikin waƙar baka, ɗayar tana cikin rubutacciyar waƙa.

Wannan maƙala za ta kwatanta fayafayensa biyu, wato Highway 61 Revisited na 1965 da Blood on the Tracks na 1975. Masu sharhi da dama sun fifita na farkon. A nawa ganin na biyun ya fi nuna, kuma hujjata tana cikin nahawu, wato yadda mawaƙin ya sarrafa wakilin suna.

2.0 Faifan 1965

An fitar da wannan faifai a ƙarshen watan Agusta, makonni kaɗan bayan Dylan ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da jitar lantarki har wasu 'yan kallo suka yi masa ihu. Waƙoƙi tara ne a cikinsa. Ta farko, "Like a Rolling Stone", ta wuce minti shida a zamanin da gidajen rediyo suka saba da waƙar minti uku, amma duk da haka ta kai mataki na biyu a jerin Billboard. Kiɗan Mike Bloomfield da Al Kooper ba ya buƙatar yabo daga gare ni.

Idan muka koma ga matanin, za mu tarar da zambo tsagwaronsa. Mawaƙin ya sa wata 'yar gata da duniya ta juya wa baya a gaba, yana yi mata magana da wakilin suna na mutum na biyu tun daga farko har ƙarshe, yana tambayarta yadda ta ji ɗanɗanon faɗuwa. A "Ballad of a Thin Man" ma haka abin yake, sai dai wanda aka sa a gaba namiji ne, mai ilimin littafi wanda bai san abin da ke gudana a gabansa ba. A waƙoƙin biyu mawaƙin yana tsaye ne a kan tudu, rigarsa fes, yana nuna wani da yatsa. Duk wanda ya nazarci zambon makaɗan fada ya san wannan matsayi: ƙarfin zambo yana ga nisan da ke tsakanin mai yi da wanda ake yi wa. Akwai gwaninta a nan ƙwarai. Amma gwanintar saurayi ce ɗan shekara 24 wanda bai taɓa zargin kansa ba.

Waƙar ƙarshe, "Desolation Row", ta wuce minti 11, ta kuma tara Ezra Pound da T. S. Eliot da Einstein da Ophelia a titi guda. Ana yawan kafa hujja da ita wajen nuna zurfin karatunsa. Ni kuwa na fi ganinta a matsayin jerin gwanon sunaye, kuma tara manya a zaure ba shi ne iya fadanci ba.

3.0 Faifan 1975

Tarihin ɗaukar wannan faifai shi kansa abin nazari ne. An ɗauki waƙoƙinsa goma a Niyu Yok a watan Satumba na 1974. Ana gab da fitar da shi sai Dylan ya sake ɗaukar biyar daga ciki a Miniyapolis a watan Disamba, tare da makaɗan garin waɗanda ƙanensa David ya tattaro. Ya fito a Janairun 1975. A lokacin aurensa da Sara yana tangal-tangal, kuma ya mutu a 1977. Saboda haka jama'a suka ɗauki faifan a matsayin labarin gidansa, shi kuma ya sha musanta hakan. Wannan ba hurumin manazarci ba ne. Huruminsa shi ne abin da ya canza tsakanin Satumba da Disamba, kuma tun da aka fitar da ɗaukar Niyu Yok gaba ɗaya a 2018 kowa na iya kwatantawa.

A ɗaukar farko ta "Tangled Up in Blue", baitocin farko suna ba da labarin wani mutum ne da wata mata, da wakilin suna na mutum na uku. A ɗaukar Disamba sai "shi" ya koma "ni". Amma bai goge na ukun duka ba. Ya bar wani "shi" a can cikin waƙar, har mai sauraro ya kasa tantance ko wani ne dabam ko kuwa mawaƙin ne yake hangen kansa daga nesa. Haka nan "ita" ɗin: ko mace ɗaya ce a lokuta dabam-dabam, ko mata da yawa ne da suka narke a tunaninsa. Dylan ya danganta wannan salo da darussan zane da ya ɗauka wajen Norman Raeben a 1974, inda ya koyi haɗa jiya da yau a fage guda. Wanda ya saba da labari mai bin tsari zai ce ruɗani ne. Amma haka tunanin mai nadama yake tafiya, ba ya bin kalanda.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin "Idiot Wind". Ta fara kamar zambon 1965, har ma ta fi shi ɗaci, kusan minti takwas ana jifar mutum na biyu da wauta. Sai a amshin ƙarshe wakilin sunan ya juya zuwa "mu". Da wannan 'yar ƙaramar kalma mawaƙin ya sauko daga tudunsa ya shiga cikin waɗanda yake zagi. Abin da aka ji a baitocin baya duk sai ya sake ma'ana, domin yanzu an gane cewa mai tuhumar ma yana cikin akwatin masu laifi. Babu waƙa ko ɗaya a faifan 1965 da ta ɗauki irin wannan kasada.

4.0 Batun Fassara

Ga mai koyar da fassara akwai ƙarin riba. Wakilin sunan mutum na biyu a Ingilishi kalma ɗaya ce, ba ta bambanta jinsi ko adadi, alhali Hausa dole ta zaɓi "kai" ko "ke" ko "ku". Za a zaci wannan zai kashe harshen damon da ke cikin "Idiot Wind", inda wasu masu sharhi suke jin cewa bayan matar akwai ƙasar Amurka kanta, tunda waƙar ta ambaci 'yan jarida da ginin majalisar dokoki. Sai ga shi Hausa ta taimaka: sunan ƙasa mace ne a nahawunmu, don haka "ke" za ta ɗauki matar da ƙasar a lokaci guda.

Inda mai fassara zai tsaya cik shi ne murya. Ɗaukar Niyu Yok ta wannan waƙa a sanyaye take, kamar mai magana da kansa da tsakar dare. Ta Miniyapolis kuwa tsawa ce. Dylan da kansa ya nuna a laccarsa ta Nobel ta 2017 cewa an yi waƙoƙi ne domin a rera su. Ɗalibin da aka ba matanin a takarda kaɗai zai ga juyawar wakilin sunan, amma ba zai ji yadda fushin ya karye a maƙogwaron mawaƙin lokacin da ya iso kanta ba.