Dinarin Matiyas a kurkukun roba

Wallahi abin nan ya fara isata. Makon jiya saƙona ya iso: dinarin azurfa na Sarki Matiyas na Hangari, irin wanda aka fara bugawa bayan gyaran kuɗi na 1467, mai hoton Maryamu riƙe da jaririnta. Na yage kwali hannu na rawa, sai na tarar an garƙame shi cikin roba mai tauri, da lamba a goshi kamar fursuna. Tsabar da ba ta fi farce ba, nauyinta wajen rabin giram, an yi mata gida kamar na sabulu.

Kun dai san mu masu tara tsoffin kuɗi. Rabin daɗin harkar nan a yatsa yake. Ka ɗora ta a tafin hannu ka ji kamar ba komai, ka karkata ta ga hasken taga har harafin K ya fito, alamar maƙerar Kremnica da ke Sulobakiya ta yau. Ta bayan roba kuwa, hancinka kawai za ka hango.

Sai batun makin da ake rubutawa a jikin robar. Ma'aunin nan na 1 zuwa 70 a Amurka aka ƙirƙiro shi, don kuɗin da inji ya buga. Waɗannan fa da guduma aka buga su, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya karkace, wani rabin rubutunsa ya zame waje. Yanzu a ce maƙerin da ya rasu shekara 500 da suka wuce ya ci 62, maƙwabcinsa 58? Har na ji wani yana cewa ya sayi "sittin da uku". Na ce na wane sarki? Ya yi shiru.

Kuɗin cefane ne fa, jama'a. Kafin Sarki Karoli na ɗaya na Hangari ya soke al'adar a 1336, kusan kowace shekara ake tilasta wa talaka ya kai tsohon kuɗinsa ya karɓi sabo, fada ta yanki rabonta. Kuɗin ƙasar da ta saba da haka ake yi wa kwalliyar amarya.

To, na yarda, jabu ya yi yawa, kuma robar tana ba sabon shiga kwanciyar hankali. Shi ke nan.

Nawa dai na sa filaya na fasa robarsa. Abokina ya ce na zubar da kuɗina. Dinarin yana nan cikin ɗan ambulan na takarda, na rubuta lambarsa ta kundin Huszár na kuɗin Hangari a bayansa da fensir.